Tarihin Rayuwata, fitowa ta 14: Shekarun ciwon ƙashi

Makon jiya na tsaya a inda aka fara yi mini wankin ƙoda. Abin da ya biyo baya shi ne ƙashi, kuma a kansa ne har yau raina bai huce da wasu ba.

Daga ƙugu ya faro, ya sauka gwiwoyi, har ta kai ba na hawa danfo daga Agege zuwa Mile 12 sai yaran rumfa sun tallafe ni. Ga ƙaiƙayi da dare. Kawu kuwa duk kiran waya maganarsa ɗaya: "Sanyin Ikko ne, ka dawo gida rana ta gasa ka." Yaya ya riƙe maganar nan gam. Da haƙarƙarina ya tsage a wajen tari kawai, mai ɗori ya kawo mini, aka bi ni da man shafawa da hayaƙi, kuɗi na tafiya. Wane sanyi ne ke tsaga haƙarƙarin mutum don ya yi tari?

Likitar ƙoda ce ta sa aka yi gwajin jini da ake kira PTH. Ta ce, "Alhaji, matsalar daga wuyanka take." Akwai ƙulli huɗu a wuya, kusa da maƙogwaro, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, sunansu paratayrod, aikinsu lura da kalshiyam a jini, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da fosfet, wani sinadari da ake samu daga abinci, ba ta kuma gyara bitamin D yadda hanji zai tsotsi kalshiyam daga abinci. Kalshiyam na raguwa, ƙullin nan su yi ta sakin sinadarinsu, wato PTH ɗin da aka gwada, shi kuma ya riƙa kwaso kalshiyam daga ƙashi. Ƙashi ya yi ta zaizayewa, wani kalshiyam ɗin ma ya je ya daskare a jijiyoyin jini. Ga mai lafiya, gwajin ba ya cika wuce 65. Nawa ya shiga ɗaruruwa.

Na tuna bikin ƙaramar 'yata, ko da yake wannan can gaba ne. Babbar rigar da na sa lokacin auren yayarta ita ce ta riƙa jan ƙasa, don tsayina ya ragu. Kawu ya dube ni a gaban surukai ya ce ai ya faɗa, sanyin Ikko ne. Na yi shiru saboda girmansa.

Aka ɗora ni kan ƙwayar da ke kama fosfet, wadda dole a sha ta tare da abinci, da wani nau'in bitamin D na masu ciwon ƙoda. Aka taƙaita mini wake, gyaɗa, madara, sardin gwangwani da baƙin lemon kwalba. Har tsire mai ƙuli, ni da na tashi a Zangon Agege! Maman yara ce ta tsaya a kan wannan, Allah ya saka mata. Wanki kuwa sau 3 ake so a mako, awa 4 kowane zama, amma aljihu ne ke yanke hukunci, kuma duk zaman da aka tsallake fosfet taruwa yake. Kuɗin da Yaya ya kai wa mai ɗori da sun biya gwajin tun farko.

Da magani ya kasa saukar da PTH ɗin, aka kawo maganar tiyatar wuya. Mako mai zuwa zan faɗi wanda ya sa hannu a aljihu da wanda ya kashe wayarsa.