Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wayarin Jirgin Baba Injiniya

A makon jiya mun tsaya ne inda aka ɗora injin a gaban jirgin saman da muke haɗawa. To, daga nan aiki ya faɗo kaina, tunda ni ne mai rewaya. Washegari na iso da filaya da damin wayar mota, Baba Injiniya ya dube ni ya ce, "Ɗana, ajiye su. Ga takarda, ga fensir."

Dattijon nan ba da ka yake magana ba. Yana cikin waɗanda suka yi aikin Air Beetle a Kaduna, jirgin horar da sojan sama da aka harhaɗa bisa samfurin RV-6A na Amurka. Dokarsa ita ce ba a yanka waya sai an gama lissafi.

Injin namu Rotax 912 ne, janaretan da ke cikinsa wat 250 kawai yake bayarwa, wato wajen amfiya 18. Kuma ba a cinye ta duka. Kayan da ke kunne koyaushe kada su wuce kashi 80 cikin 100, ragowar na cajin batir ne. Muka jera su: rediyo, famfon mai, agogunan gaban matuƙi, fitilun fuka-fuki, ja a hagu kore a dama, da farar ta wutsiya. Da na tara sai ga lissafi ya haura. Babbar fitilar sauka mai ƙwai, wadda na daɗe ina yi wa tanadi, ita ta cinye wutar. Baba ya ja mata layi, ya rubuta LED a gefe.

Wayar motar ma bai karɓa ba. Ya yanko guntu ya kanga wa ashana, robar ta narke tana baƙin hayaƙi mai shaƙe wuya. "In a mota ne ka faka ka fita," in ji shi. "A sama fa?" Sai ya miƙo farar waya siririya mai rigar Tefzel, wata roba mai jure zafi, zarenta an shafe shi da kuza. Siririya mai lamba 22 ta agoguna ce, mai kauri sosai ta sitata. Haɗi kuma matsewa ake yi da filayarsa ta musamman, don girgizar inji na karya waya daidai inda dalma ta ƙare. A nan ne na ji abin da masu garejinmu da yawa ba su damu da shi ba: fiyus wayar yake karewa, don haka da kaurinta ake zaɓarsa.

Abin da ya fi ɗaure min kai makunnin inji ne. Wutar fulogi ba ruwanta da batir, ko ya mutu jirgi na ci gaba da tafiya. Kashe inji kuwa sai an haɗa wayar makunnin da jikin ƙarfe. Ke nan in ta tsinke, makunni na nuna a kashe amma injin a raye yake, wanda ya juya farfela da hannu zai iya rasa hannun. Na ce, "Baba, ai wannan a juye yake." Ya ce da gangan aka yi, gara waya ta tsinke inji na aiki da ya tsaya a sararin sama.

Da muka gama zanen, kowace waya da lambarta, duk wayoyin da wuta ke dawowa ta cikinsu kuma sun taru a faranti guda bayan inji don kada rediyo ya riƙa shuu. Saura huda bangon da ya raba inji da matuƙi, a nan kuwa muka saɓa da Baba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.