Kwalin Yaya

Laraba, da dare.

Da safe raina fes. Fitilar tankina na kifi da murjani, mai ruwan gishiri, na kunnuwa, zowantid ɗin, wato ƙananan murjani masu laushi, da suka yi kwanaki a ƙudundune suka buɗe gaba ɗaya, kifayen nan biyu masu ratsin fari suna ta rausaya a kusurwarsu. Gishiri 1.025, zafi digiri 25 da ɗan ɗoriya, naitiret, sinadarin da dattin kifi ke komawa, wajen 10. Har waƙa na yi ina goge gilashi.

Aiki kamar kullum. Ba labari.

Da yamma sai ga Yaya rungume da kwali, yana haki. Sikimarsa ce, na'urar da ke kwashe datti daga ruwan tanki ta hanyar kumfa, ta tsohon babban tankinsa da ya kwashe. Doguwa, wuyanta hannuna zai shige, a jikin kwalin an rubuta lita 1000. Nawa tankin kuwa lita 150 ne, kuma ba ni da tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ake ajiyewa ƙarƙashin babban don injina.

"Karɓi," in ji shi. "Ka huta da jidon bokiti duk mako."

Na yi godiya, na sake godiya, sannan na ce, "To Yaya, a ina zan girke ta?" Irin wadda ake tsayarwa cikin tankin ƙasa ce. Kafin ta yi aiki sai an huda gilashi ko an rataya akwatin malala, a sayi ƙaramin tanki, famfon mayar da ruwa sama, bututu, ga na'urar ƙara ruwan da ya ƙafe, don sikima ba ta son zurfin ruwan da take zaune ciki ya riƙa hawa da sauka. Ya ragu kumfa ta kwanta, ya ƙaru ta yi amai. Na ce masa cikin raha kyautar nan taku sai ta cinye kuɗin da na ware har na badi. Bai yi dariya ba.

Kuma ko da wurin akwai, girman ne matsalar. Aikin sikima duka kumfa ne. Famfonta yana zuƙo iska, farfela mai tsinke-tsinke ta daddatsa ta zuwa ƙananan ƙwayoyi, dattin da ya narke a ruwa, na kashin kifi da ragowar abinci, ya manne a jikinsu, su hau su taru a wuya har su tuntsire cikin kofi. Ruwan gishiri ne ke ba da damar haka, shi ke hana ƙwayoyin iskar haɗewa su zama manya. To wuya mai faɗi sai da datti mai yawa kafin kumfa ta cika shi ta tashi. Kifi biyu da ɗan jatan lande ɗaya me za su ba ta? Za ta yi aiki kwana ɗaya ta kwashe ɗan abin da ke akwai, sannan ta zauna tana gurnani, ranar da aka ɗan ƙara abinci kuma ta cika kofi da ruwa tsantsa.

Yaya ya gyara zama. Na san lacca ta zo.

"Kai, Jamusawan Berlin sun gama wannan magana tun shekarun 1970. Dutse mai rai, ruwa mai gudu, sikima mai ƙarfi. Wa ka fi sani?"

Ban musa ba, don gaskiya ce, kuma tsarin har yau shi ake bi. Sai dai na tuna masa abu na farko da ya lissafa shi ne dutse. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fuskar dutsen su ke juya amoniya zuwa naitirait, naitirait zuwa naitiret, waɗanda ke can cikin ramuka inda iska ba ta kaiwa su sauke wani ɓangare na naitiret ɗin ya fice a matsayin iska. Nawa dutsen yana wannan aiki shiru, ba wuta ba ƙara. Na kuma kawo masa gwajin da Ken Feldman, masanin sinadarai na jami'ar Penn State a Amurka, ya yi wa sikimomi iri-iri wajen 2009 da 2010: abin da suka iya cirewa daga narkakken dattin ruwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba, masu tsada da masu araha ba su yi wa juna nisa sosai ba. Shi Yaya akrofora ya riƙe, murjani mai tauri mai saurin fushi. Ni nawa masu laushi ne, zowantid da mai kama da fata da masu kama da laimar kwaɗi, sun fi walwala in ruwan na da ɗan abin ci. A tsotse naitiret da fosfet su koma sifiri, murjani ya koɗe, wani abu mai launin ruwan ƙasa kamar majina da ke lulluɓe yashi ya samu fili.

Ya ce amma sikima tana shigar da iska, tana korar iskar da ke sauke pH, wato ke ƙara wa ruwa tsami, da dare. Nan ya fi ni gaskiya, na ce haka ne.

Sai ya miƙe yana karkaɗe riga ya ce, "Kai dai ka ce ba ka da hali. Wanda bai shirya wa ruwan gishiri ba, ai ruwan daɗi na nan."

Da wasa ya faɗa, na sani. Amma ta zauna mini a ƙirji har yanzu. Don ai ba ƙarya ya yi ba, ƙaramin aljihu ne ya sa nake auna kowane abu sau uku. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda lissafi ke komawa abin kunya a wannan harka. Wanda ya cika ƙarƙashin tankinsa da injina shi ne gwani, ko da rabinsu ba aikin da suke yi, wanda ya tsaya ya tambayi me ruwansa ke buƙata kuma shi ne ɗan koyo. Na zauna gaban tankin ina ganin ƙanƙantarsa, abin da ban taɓa gani ba sai yau.

Ga yadda zan kashe ɗan abin da ke hannuna, Yaya ya so ko ya ƙi. Farko matatar RO/DI, mai tace ruwan da nake haɗawa da gishiri, don ma'auninta na abin da ya rage narke a ruwa ya fara nuna 2 maimakon 0, kuma duk abin da ya shiga ta ruwan haɗi ba sikimar da za ta fitar da shi, gansakuka ce za ta ci riba. Sai ƙarin famfon kaɗa ruwa, akwai lungu bayan dutsen hagu da datti ke kwanciya. Audugar tacewa a ƙaramar matatar baya, a canza ta duk bayan kwana biyu ko uku kafin ta fara ruɓa, da ɗan ƙullin gawayi. Matatar gwangwani da wani ya ba ni shawara ban yarda ba, datti take ɓoyewa inda ido ba ya gani har naitiret ya hau. Canjin ruwa kashi 10 cikin 100 duk mako yana nan daram. In na ƙara kifi, to a lokacin zan nemi sikima daidai tankin, irin Tunze 9004 da ke maƙalewa a ciki ko wata mai ratayuwa a baya, wadda aka rubuta mata ɗan sama da litocina kaɗan, tunda masu ƙera su sun iya cika baki a jikin kwali. Ita ma sai an ba ta mako ɗaya ko biyu tana hauka kafin ta daidaita.

Auta ya so ya zuba wa kifaye abinci karo na biyu. An kama shi.

Uwargida ta buɗe kwalin don ta ga abin da ya jawo musun, ta ja da baya tana toshe hanci. Ashe Yaya bai wanke kofin ba, busasshen baƙin datti ya daskare a wuyan. Ta ce ko a fitar da shi ko ita ta fita. Na jiƙa shi cikin ruwan finiga a waje, gobe in goge in mayar masa tsaf. Yadda zan faɗa masa ne ban tsara ba tukuna, ga shi tun ɗazu ya turo mini zanen tankin ƙasa har kala biyu.