Daren da taminal ta yi mini yaji

Jiya bayan isha'i ina shagon Yaya a Ƙofar Ƙaura, ina rubuta masa ɗan shirin kwamfuta da yaren C na lissafin buhunan shinkafa, rubutu zalla a baƙin allon nan da ake kira taminal. So nake da an taɓa maɓalli ya amsa nan take, ba sai an danna Enter ba. Sai na shiga termios, wato saitin taminal, na kashe ICANON mai jiran Enter da ECHO mai nuna abin da ake bugawa. Rawar kai ta sa na haɗa har da ISIG mai sa Ctrl+C ya tsayar da shiri da OPOST mai daidaita layuka, na kuma tura lambar umarni ESC[?25l, 'yar alamar nan mai ƙyaftawa ta ɓuya.

Can sai shirin ya maƙale. Ctrl+C ko gezau, ai ni na toshe masa kunne da hannuna. Na kashe shi daga wata taga, na dawo na tarar da ɓarna: ina bugawa ba na ganin ko harafi ɗaya, layukan da ke fitowa kuwa sai gangarewa suke gefe kamar matakalar bene.

Yaya ya leƙo. "Kai, ka lalata mini kwamfutar ko?"

Na ce, "Yi haƙuri Yaya, fushi kawai ta yi." Na lalubi reset, umarnin mayar da taminal daidai, a makance, komai ya dawo.

Laifina ne, ban adana saitin farko da tcgetattr, mai karanto saitin taminal, ba balle in mayar da shi. Abin da ya fi ba ni dariya, waɗannan lambobin da ke farawa da ESC, wato lamba 27, tun zamanin taminal ɗin VT100 ta 1978 ake fama da su, ga su yau suna wahalar da ni a Katsina. Shayina ma har ya huce.