Yamanaka da mutanen da ke bayansa

Kwanan nan na sake komawa kan labarin Shinya Yamanaka, likitan nan ɗan Japan da ya ci kyautar Nobel a 2012 saboda gano yadda ake mayar da sel (ƙwayar halittar jiki) da ya riga ya girma ya koma irin na ɗan tayi, kuma wallahi duk sanda na karanta, mutanen da ke kewaye da shi su ne suke tsaya min a rai, don da ba su da aikin nan bai kai inda ya kai ba.

Bari in ɗan koma baya. Kowane sel a jikinmu da aikinsa, na fata daban, na zuciya daban, na ƙwaƙwalwa daban, kuma a da masana sun ɗauka in sel ya riga ya zama na fata to shi ke nan, icce ya bushe ba ya tanƙwaruwa. A lokacin, sel ɗin tushe da ke iya rikiɗa ya zama komai sai a ɗan tayi ake samunsa. James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya fitar da na ɗan Adam a 1998, amma sai an lalata tayin, rigima ta tashi sosai, har a 2001 gwamnatin Bush a Amurka ta taƙaita kuɗin da take ba irin wannan bincike.

To amma tun 1962 wani Bature ɗan Ingila, John Gurdon, ya nuna cewa iccen nan na iya tanƙwaruwa. Ya ciro cibiyar sel, wato inda ƙwayoyin gado suke, daga hanjin ɗan kwaɗo ya sa ta cikin ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa cibiyar, sai ga ɗan kwaɗo ya fito yana iyo. A shekarar nan aka haifi Yamanaka fa, kuma bayan shekara 50 su biyun suka raba Nobel ɗin.

Wanda na fi so a riƙa ambata shi ne Kazutoshi Takahashi, ɗalibin da ya shiga ɗakin binciken Yamanaka tun a Nara ya bi shi har Kyoto. Suna da ƙwayoyin gado guda 24 da suke zargin a cikinsu sirrin mayar da sel zuwa sel ɗin tushe yake, an gwada ɗaya-ɗaya babu wanda ya yi komai, sai Takahashi ya zuba duka 24 ɗin lokaci guda cikin sel ɗin ɓera, abin ya yi, daga nan ya dinga cire ɗaya yana duba ko aikin zai tsaya, in ya tsaya an gane wannan dole ne, in bai tsaya ba a ajiye shi gefe, haka har suka rage huɗu: Oct3/4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Ka duba irin haƙurin da wannan ke buƙata, mutum ya duƙa kan madubin ƙara girma yana jiran 'yan dunƙulen sel su bayyana a faranti. Takardar ta fito a mujallar Cell a 2006, sunaye biyu kacal a kanta, na Takahashi ne a farko. A Nuwamban 2007 suka yi da sel ɗin mutum, a daidai lokacin su Thomson ma suka fitar da nasu, Junying Yu ce a gaban takardar.

Daga nan abin ya fita hannun mutum ɗaya. A 2014 wata Takahashin daban, Masayo Takahashi ta cibiyar bincike ta RIKEN a Kobe, ta jagoranci dashe na farko, aka ɗauki fatar wata tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu da ciwon ido ke cinye mata gani, aka bi hanyar su Yamanaka aka mayar da fatar sel ɗin bayan ido aka dasa mata. Ganinta bai dawo ba, gaskiya, amma bai ci gaba da lalacewa ba kuma ƙari bai fito ba, wanda shi ne babban abin tsoro tunda c-Myc na da alaƙa da cutar kansa. A 2018 wani Takahashin kuma, Jun Takahashi, ya fara gwaji a Kyoto kan masu cutar Parkinson, ana sa musu sel masu samar da dofamin, sinadarin da cutar ke rage musu, a ƙwaƙwalwa, sakamakon mutum bakwai ya fito a Nature a 2025 ba tare da wata mummunar illa ba. Waɗannan gwaje-gwaje ne dai, kar wani ya yaudare ku da tallan allurar da ke maganin komai.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, cibiyar CiRA da aka kafa a Jami'ar Kyoto a 2010 don binciken waɗannan sel a ƙarƙashin Yamanaka, yawancin ma'aikatanta kan kwantiragin ɗan lokaci suke, masu rainon sel ɗin nan safe da yamma ba su da tabbacin aikin baɗi. Sai Yamanaka ya ɗaura takalmi ya shiga gudun fanfalaki na Kyoto a 2012, kilomita 42 da ɗoriya, yana roƙon jama'a su ba da gudummawa don a iya riƙe su, kuma ya ci gaba da gudun shekaru bayan an ba shi Nobel.