Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Saƙon Kaset da Magajinsa

Makon jiya mun tsaya a teburin gyaran rediyo, na kuma yi alkawarin bayanin saƙon kaset, tunda yaran yanzu sun ɗauka da WhatsApp aka fara aika murya. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, tarho na NITEL, kamfanin waya na gwamnati, sai ofisoshi da gidajen masu hali, duk ƙasar layukan ba su kai rabin miliyan ba. Wanda ɗansa ke ci-rani a Agege ko Shagamu, ko 'yarsa ke aure a zangon Kumasi, ko ƙaninsa ya yi zamansa a Makka, hanya biyu gare shi: wasiƙa ko kaset. Wasiƙa sai an nemi mai rubutawa, can ma a nemi mai karantawa, sirrin gida ya bi ta bakin baƙi biyu. Shi ya sa tsofaffi suka fi son kaset.

Kaset ɗin da ake saye iri biyu ne, C60 mai minti 30 kowane gefe, da C90 mai minti 45. Wanda ya sani C60 yake ɗauka, don zaren C90 ya fi siriri, rikodar da robarta ta tsufa nan da nan take tauna shi. In ta tauna, a zaro a hankali, a zura biro a ramin kaset a naɗe. Batir kuwa dole sababbi. Idan ya yi sanyi lokacin ɗauka, injin na juyawa a hankali, ranar da aka saka kaset ɗin a rikoda mai ƙarfi sai muryar dattijo ta fito da sauri, siririya kamar ta yaro, a yi ta dariya a wurin da ya kamata a nutsu. Kafin a fara, a goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit. A danna jan maɓalli tare da na kunnawa, sannan a ƙirga biyar, saboda farkon zaren fari ne, ba ya ɗaukar komai. Sallama da yawa ta salwanta a nan. Mai magana ya zauna kamar kamu ɗaya daga rikoda, a kori kaji, a dakatar da daka.

An gama, sai a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya goge shi da kuskure. Masu amsa idan a kansa za su mayar da jawabi, su liƙe ramukan da salatif. A naɗe a leda, a rubuta suna, a gargaɗi direban motar goro ko ta shanu kada ya ajiye shi gaban gilashi rana ta lanƙwasa shi, kada kuma ya jingina shi da sifika, maganaɗisunta yana dusashe murya.

Abin da ya fi injin muhimmanci shi ne tsarin magana. Maigida ke buɗewa: sallama, ranar da ake ciki da watan Musulunci, gaisuwa, labarin damina da farashin hatsi, wanda ya rasu, wadda ta haihu da sunan da aka raɗa, sai can ƙarshe buƙata. Daga nan uwa. Idan ɗan fari ne ba za ta kama sunansa ba, sai dai ta ce, "A gaida mutanen gidan, a ce ya riƙe salla, Allah Ya yi albarka." Sannan sauran matan gida bisa girma, yara su rufe da karatun allo don a ji inda suka kai. Can ma ba a ɓoye ake ji ba. Bayan isha ake shimfiɗa tabarma, kowa ya zauna, har maƙwabta. Tunda mai magana ya san gida guda zai saurare shi, yana tauna kalma kafin ya furta, in ransa ya ɓaci a tsayar da rikoda har ya huce. Wadda tsarin ya ƙwara ita ce matar aure, domin ba ta da bakin faɗa wa mijinta damuwarta a kaset ɗin da surukai za su ji. Ga kuma jinkiri. Na Makka sau da yawa sai alhazai sun tashi, labarin rasuwa ya isa bayan an yi sadakar arba'in.

Salula ta kashe jinkirin, amma ta zo da tsada. Layi kaɗai ya kai naira 20,000, kira naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Masu sayar da kira ƙarƙashin lema a bakin titi suna riƙe da agogo, mai kira na kallon daƙiƙa 59. A nan gaisuwa ta fara gajarta, "ina gajiya, ina iyali" ta koma "kuɗina na tafiya". Filashin ma ya zama yare: ɗaya na nufin na iso lafiya, uku a jere na nufin kira ni yanzu. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa aka ɗan sarara.

Saƙon murya na WhatsApp, wanda aka fara a 2013, kaset ne ya dawo, shi ya sa iyayenmu da ba su yi boko ba suka karɓe shi hannu bibbiyu. Bambancin, yanzu kunne ɗaya yake shiga. Matar aure ta samu bakin magana, wannan ci gaba ne. Amma an rasa mai tsayar da rikoda. Mutum ya yi magana cikin fushi, kafin ya huce an tura wa gwaggo da kawu, a zauren dangi na WhatsApp kuma ƙaramin yaro ya katse babban wa.

Masu saya wa Hajiya babbar waya daga nesa, ga inda abin ke lalacewa. Wayar takan koma hannun jika, saƙon da ka yi wa mahaifiyarka shi zai fara ji, don haka a san abin da za a faɗa. A sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa, a maƙale mutum uku da ta fi nema a saman jerin hira. A kashe saukar da bidiyo kai tsaye, in ba haka ba wa'azi da bidiyon biki su cika waya, saƙo ya daina shiga, a zaci fushi take yi. Layin ya kasance da rajistar sunanta, haɗe da lambarta ta NIN, a riƙa sa kati ana kira da shi, domin layin da ya yi watanni a kwance kamfani na sayar wa wani. Sannan a kunna mata lambar sirri ta biyu, a ja mata kunne kada ta karanta wa kowa lambobi shida da za su shigo, ko da ya ce daga zauren dangi yake. Da su ake ƙwace WhatsApp ɗin tsohuwa, a bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ana neman kuɗin asibiti da sunanta. Duk saƙon kuɗi, a kira a ji murya tukuna.

A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane sun koma tasha suna ba direbobi saƙo da takarda, wasu su yi tafiya mai nisa neman inda sabis ke kamawa. Yadda aka yi ta aika kuɗin cefane a watannin nan, da abin da direba ke karɓa a kai, shi za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.