Don wanda ya faɗi ake ɗaga murya wajen ƙidaya

Ranar Asabar 16 ga Afrilu, 2011, ina zaune a kan bencin 'yan firamare a gindin wata darbejiya a Zariya, tawada ta ɓata mini yatsu har zuwa farce. Ina ɗalibin jami'a a lokacin, na shiga aikin zaɓen shugaban ƙasa na wucin gadi a matsayin mataimaki. Shugabar rumfarmu wata 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, don haka ni ne bakinta, ni ne kunnenta.

Da safe aka tantance mutane, bayan sha biyu aka ja layi aka fara dangwala, wajen la'asar muka juye akwati a kan tebur. Jama'a sun yi mana zobe, babu wanda ya tafi gida, domin maganar da ke bakin kowa a shekarar ita ce a kasa, a tsare, a raka. Tun kafin a rarraba takardun kowa ya ga inda tulin ya karkata. Na sunkuya na ce mata mu yi sauri mu tattara, ai an riga an san wanda ya ci. Ta girgiza kai. Haka ta riƙa ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya sama da kanta, tana juya ta gabas da yamma, jama'a na ƙirgawa da baki. Da muka zo kan wata takarda da tawada ta malale tsakanin jam'iyyu biyu, wuri ya ɗauki ihun "tamu ce!", sai ta ce in kira mata wakilin jam'iyyar da ke shan kaye. Wani dattijo ne mai farin gemu, tun safe yana rakuɓe a gefe ana yi masa habaici. Na ce, "Baba, ta ce ka matso ka duba." Ya sa tabarau, ya duba, ya ce wannan kam ta lalace. Sannan ta nuna wa sauran wakilai, ta ajiye ta a gefe. A raina na ga kamar ɓata lokaci ne. Mutumin da ƙuri'unsa ba su taka kara sun karya ba, me ya sa za a fara da shi?

Dattijon ya sa hannu a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, ya karɓi kwafinsa, ya ninke ya zura a aljihun gaba, ya yi mana sai da safe.

Ranar Litinin gari ya kama da wuta. Hayaƙin taya ya rufe hanyoyi, aka ƙona gidaje da shaguna da wuraren ibada, har gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Namadi Sambo, da ke Zariya bai tsira ba. Na tuna da shugabar rumfarmu, na bi lungu na ɗauko ta zuwa gidan gwaggona. Gwaggo ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. Ta ciro hijabi ta zura mata, ta shigar da ita uwar ɗaka, ta dube ni ta ce, "Yarinyar nan amana ce, kada ka gaya wa kowa." Tana nan har sojoji suka kwashe su zuwa bariki. Wasu ba su samu irin wannan ƙofa ba. A Bauchi an kashe 'yan bautar ƙasa wajen goma. A Zonkwa da Kafanchan da ƙauyukan kudancin Kaduna an yi kisan da har yau ba a son tunawa, waɗanda suka tsira suka tare a sansanin alhazai na Mando. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku a jihohi 12.

Na daɗe ina juya abin a raina, domin yaran da na gani da gorori a ranar, wasunsu na san su, kuma ba su yi kama da masu ƙarya ba idan suka ce an yi musu sata. Sun tsare akwatinsu, sun ga Buhari ya cinye. Sun tambayi ɗan'uwa a Kano da aboki a Katsina, labarin ɗaya ne. Sai rediyo ya ce Jonathan ya samu ƙuri'a sama da miliyan 22, Buhari sama da miliyan 12. Tambayar da na fi ji a ranar ita ce, "To wa ya zaɓe shi?" Kowa ya ɗauki rumfarsa ya auna Najeriya da ita. Ga kuma tabon da ke ƙasa: an soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, an yi na 2003 da ƙorafi, na 2007 kuwa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wannan ba hujja ba ce ta zubar da jinin kowa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi ta kashe-kashen nan kusan babu wanda aka hukunta. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki rikicin ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa watsi da shawarwarin kwamitocin baya na cikin abin da ya ba mutane ƙarfin gwiwar maimaitawa.

Shekara huɗu bayan haka ƙaddara ta juya ni. Bautar ƙasa ta kai ni jihar Enugu, zaɓen 2015 ya same ni can, kuma wannan karon ni ne shugaban rumfa, ni ne baƙon da ba ya jin yaren gari. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna irin fargabar da aka shiga. An ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, jita-jita ta cika gari cewa ba za a miƙa mulki ba ko an faɗi. Manyan motoci na kwasar 'yan kudu daga Sabon Garin Kano da Kaduna, 'yan arewa masu sayar da albasa da masu faskare da 'yan canji su ma suna ɗaure kaya suna hawowa. Unguwar Hausawan da nake zuwa cin tuwo ta zama kamar an yi shara. Ummana ta kira ni har sau uku a rana ɗaya. "Kai yanzu don Allah abin da ka gani a Zariya bai ishe ka ba? Ka taho gida." Na ce, "Umma, ki yi mini addu'a dai." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya tsare.

A rumfar nan na samu amsar tambayar da yaran Zariya suka yi. Na ga masu zaɓen Jonathan da idona: tsofaffin mata da suka zo tun asuba da kujerunsu, malaman makaranta, 'yan kasuwa, sun jure rana da jinkirin na'urar tantance kati, suna son ɗan takararsu kamar yadda namu ke son nasu. Su ma da za ka ce musu akwai garin da Jonathan ba zai samu ƙuri'a goma a akwati ba, cewa za su yi ƙarya ne. Da muka juye akwati, ƙuri'un APC ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wakilinsu wani saurayi ne shi kaɗai, ya tsaya nesa kamar mai jin kunya. Sai na tsinci kaina ina yin abin da na raina a 2011. Na kira shi ya tsaya kusa da ni, na ɗaga kowace takarda sama, duk wadda aka yi gardama a kanta shi na fara nuna wa. Na rubuta sakamako da lamba da kalmomi, na karanta da ƙarfi, kowa ya sa hannu, na raba kwafi, na manna ɗaya a bangon aji.

A nan na gane abin da waccan baiwar Allah ta riga ni ganewa. Wanda ya ci zaɓe ba ya buƙatar a gamsar da shi, ko a duhu aka ƙirga zai yarda. Duk wahalar da ake sha, ɗaga takarda, ƙirgawa da ƙarfi, hatimi, sa hannu, kwafi, mannawa a bango, don wanda ya faɗi ake yin ta. Shi ne zai koma wurin mutanensa da dare su tambaye shi yaya aka yi. In ya ce "a gabana aka ƙirga, kaye muka sha", magana ta mutu. In ya ce "ban gani ba, shiga ɗaki suka yi", to an kunna ashana, saura a samu mai zuba fetur.

Ranar Talata 31 ga Maris muka taru a gaban wata ƙaramar talabijin muna kallon tattara sakamako daga Abuja. Muna kallo Godsday Orubebe, tsohon minista kuma wakilin PDP, ya karɓe makirfo yana ɗaga murya, yana zargin shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, da son kai, ya ce ba za a ci gaba ba. Cikina ya ɗuri ruwa, na fara lissafin ta inda zan bi in fita daga garin. Jega bai kira 'yan sanda ba, bai mayar da ihu ba. Ya bar shi ya gama, ya amsa ƙorafin ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, ya tuna masa cewa shi dattijon ƙasa ne, sannan ya ce a kira jiha ta gaba. Ban taɓa ganin haƙuri ya yi aiki a fili irin na ranar ba. Da yamma, tun ba a kawo sakamakon Borno ba, labari ya ɓulla cewa Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna. Wani ɗan Ibo da muke zaune tare, wanda ya zaɓi Jonathan, ya sauke ajiyar zuciya ya dafa kafaɗata. A ƙarshe Buhari ya samu 15,424,921, Jonathan 12,853,162, kuma karo na farko ke nan da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Najeriya ya miƙa mulki.

Ina girmama wannan wayar, kuma ina ganin mu 'yan arewa ba mu yaba wa mutumin yadda ya kamata ba. Amma ba daga sama ta faɗo ba. Tun a watan Janairu aka sa 'yan takara suka rattaba hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, aka sake sabunta ta ana jibi zaɓe, Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah suna ta kai-kawo tsakanin ɓangarorin biyu. An buɗe wa wanda zai faɗi ƙofar fita da mutuncinsa. Wannan ma darasi ne, domin mai mulkin da ya tabbata wulaƙanci ko kurkuku ke jiransa a bakin ƙofa zai riƙe kujera da haƙori. Yahya Jammeh na Gambiya ya amince da shan kaye a Disamban 2016, bayan mako guda ya lashe amansa, bai bar ƙasar ba sai a Janairun 2017 da sojojin ECOWAS suka tunkaro. Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun nuna mana cewa miƙa mulki sau ɗaya bai zama al'ada ba: Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum a 2 ga Afrilu, 2021, sojoji suka kifar da shi a 26 ga Yuli, 2023.

Yanzu koyarwa nake yi, amma duk shekarar zaɓe tsofaffin ɗalibaina da suka samu aikin wucin gadi sukan zo neman shawara. Abin da na fi nanata musu ƙaramin abu ne: hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayan kowace takardar ƙuri'a, kafin a miƙa wa mai zaɓe. Layi zai yi tsawo, rana za ta yi zafi, mutane za su yi ta "Malam, ka yi sauri", hannu zai gaji. Kada ka tsallake ko ɗaya. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna Kano. A Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'u 165,663 daga na Gwamna Abba Kabir Yusuf bisa hujjar babu hatimi ko sa hannu a kansu, ta ce ba shi ya ci ba. A daren aka sa dokar hana fita. Wata huɗu jihar na zaman ɗar-ɗar, kasuwa ba ta ci yadda ta saba, sai a 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. Miliyoyin mutane sun kwana da fargaba a kan abin da ake yi da daƙiƙa biyar a kan benci. Haka ma zaɓen shugaban ƙasa na shekarar: an yi alkawarin ɗora hoton sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, da abin ya gaza a ranar, sai zargi ya samu wurin zama, kuma hukuncin kotu bai kore shi daga zukatan waɗanda suka faɗi ba. Na'ura tana da amfani, amma in an ce wa mutane za su gani, to lallai su gani.

Akwai abin da har yanzu yake damuna, wato yadda muke rantsar da mutum a 29 ga Mayu alhali ƙararsa tana gaban kotu. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 cewa a gama shari'a kafin rantsuwa. Wanda ya shigar da ƙara yana kallon abokin hamayyarsa ya shiga gidan gwamnati, yana naɗa muƙamai, yana riƙe da baitulmali, ta yaya za ka ce masa ya kwantar da magoya bayansa ya jira adalci?

Ƙanwata ce za ta tafi bautar ƙasa nan gaba kaɗan, kuma ta ce in zaɓe ya same ta a can za ta yi aikin. Umma ta sake cewa a'a, da irin muryar da ta yi mini. Ni ban hana ta ba. Na saya mata tocila mai ƙarfi da biro guda biyar, na ce ta koyi gaisuwar mutanen garin kafin ranar, ta san gidan da za ta shiga in gari ya rikice, kuma da ta isa rumfa ta fara neman wakilin da ya tsaya shi kaɗai a gefe ta tambaye shi sunansa.