Bayan katangar otal a Nungwi

Shekaranjiya muka dawo daga Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, har yanzu akwai farin yashi a ƙasan jakata, akwatin Hajiya kuwa sai ƙamshin kanumfari yake tashi. Duk wanda ya zo yi mana sannu da zuwa tambayarsa ɗaya ce: wai da gaske yadda ake gani a Instagram haka wurin yake? Haka yake. Kana tsaye cikin teku ruwa ya kai maka ƙirji, amma kana ƙirga yatsun ƙafarka. Sai dai masu hoto ba sa juya waya su ɗauki bayansu.

A filin jirgi aka fara ɓata mini rai. Ban da dala 50 ta biza, tun Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya biya dala 44 na inshora, ko da ya taho da tasa. Wannan na biya tun a Kano. Abin da ya ƙona ni shi ne jami'in da ya karɓi koren fasfona ya yi ta juya shi kamar mai duba jabun kuɗi, me na zo yi, nawa na riƙo, alhali Turawan Italiya da ke gabanmu ko kallonsu bai yi ba, tambari kawai yake bugawa. Hajiya ta taɓa ni, ta ce, "Abban yara, bar shi, baƙo ba ya faɗa." Mai tasi ya ce dala 50 zuwa Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka. Na ja na ja muka tsaya a 35 ina ta murna, sai daga baya na ji ashe daladala, ƙananan bas ɗinsu, kuɗinta bai kai dala 2 ba.

Otal kam ba laifi. Ciyawa shar, tafkin wanka biyu, ga wasu ƙarafa suna juyi suna fesa wa furanni ruwa da rana tsaka. Kwana biyu ban leƙa waje ba, wanka uku nake yi a yini.

Juma'a ce ta fitar da ni. Mai gadi ya buɗe ƙofa, taku ashirin na yi na ga kamar an sauke ni a wata ƙasa. Hanya duk tsakuwa, awaki na kiwo a kan tsibin robobin ruwa da gwangwanayen giya waɗanda ba mutanen garin suka sha ba. A gaba ga mata sun yi layi a bakin famfo, jarkokinsu rawaya-rawaya irin na 'yan ga-ruwan unguwarmu sak, famfon kuma ko ɗigo ba ya yi. Mu a Kano mun saba, mukan ce ƙasarmu ce busasshiya. To nan fa damina biyu suke yi a shekara.

Bayan an idar da salla na gaida wani dattijo da gaisuwar da aka koya mini, "Shikamoo." Ya amsa, "Marahaba," ya riƙe hannuna bai saki ba. Da ya ji daga Nijeriya nake, sai ya rantse sai na ci abinci a gidansa, har da aika jikarsa ta taho da Hajiya. Masassaƙin jiragen ruwa ne, sana'ar da aka san Nungwi da ita tun kafin otal na farko. Ɗansa ne ya yi mana tafinta, ko da yake wasu kalmomin ba sai an fassara ba: habari, dunia, Alhamisi, duk namu ne da ɗan canji.

Aka kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da 'yan mitsi-mitsin kifi da suke kira dagaa. Dattijon ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce, "Ɗana, da a da ne babban kifi zan sa a gasa maka. Yanzu kafin jirgi ya taɓa gaɓa mutanen otal sun saye." Sannan ya sa aka ɗebo ruwan rijiyarsu a moɗa ya ce in ɗanɗana. Na kurɓa na rasa inda zan tofar, gishiri-gishiri kamar an jiƙa kanwa. Ɗan ya yi mini bayani: ƙasan tsibirin dutse ne mai huji-huji, ruwan daɗi yana kwance ne a kan na gishiri, in aka yi ta zuƙa da injin burtsatse sai na teku ya hauro. Wani rahoto da wata ƙungiyar Ingila, Tourism Concern, ta fitar a 2012 ya ce ɗaki ɗaya a manyan otal-otal na nan yakan ci fiye da lita 3,000 a rana, gida guda a ƙauyukan kuma kimanin lita 93. A lokacin ke nan. A 2024 baƙi sun haura 700,000, a wurin da mutanensa gaba ɗaya ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2022. Na tuna wankana uku, na kasa ƙara loma, sai da matar gidan ta ce ko abincin ne bai yi mini ba.

Na ce, "Baba, ai dai yara sun sami aiki." Ɗan ya yi dariya. Shi wanki yake yi a wani otal. Masu zama a ofis da masu karɓar baƙi yawancinsu daga tsallaken teku aka kawo su, don su ke da Turanci. Baffansa ya sayar da filinsa na bakin ruwa tuntuni, kuɗin sun ƙare, hanyar da suke bi su sauka wurin jirage kuma an ja mata katanga.

Abin da ya fi damun Hajiya daban ne. Gari ne na Musulmi, ga alluna an kafa ana roƙon baƙi su rufe jiki, amma sai ka ga mace da ɗan kamfai ta ratsa ta gaban makarantar allo tana lasar askirim. Samarin da ke bin Turawa a bakin teku da tallan yawon jirgi, wasu har da abin da baki ba zai faɗa ba, mutanen garin papasi suke ce musu, wato kaska. Ɗaya ya bi ni yana "Oga, Oga," ya sa mini dala 40 zuwa ɗan tsibirin Mnemba, muka ƙare a 20. Can ma na ƙirga jirage sun fi talatin sun yi wa 'yan dabbobin dolfin zobe, injina na kuka, mutane na faɗawa kansu. Ban shiga ruwan ba.

A ƙauyen Paje mun ga mata duƙe cikin ruwa suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiya, masu wasan zamiya a kan ruwa da lemar da iska ke ja na shawagi a kansu. Tsohon gari, Mji Mkongwe, yini ɗaya muka yi masa: ƙofofin katako masu sassaƙa, sai kasuwar dare ta Forodhani inda aka sayar mini da tsiren kifi mai sanyi a kuɗin kaza guda. Ruwan rakensu dai da citta ya yi. A kasuwar Darajani Hajiya ta kashe rabin sa'a tana cinikin kanumfari da mai shago, ta sayi kilo biyu, ya ƙara mata ƙullin kirfa gyara.